Jitar da na karya da hannuna

A ƙasan akwatin da nake ajiye takardun aiki akwai wata 'yar waya siririya a nannaɗe, duk ta yi tsatsa. Sau biyu uwargidana tana so ta yar da ita lokacin da muke canza gida, ina hana ta. Wayar birkin keke ce, ko kyauta aka ba mutum ba zai karɓa ba. Na tsince ta ne a ƙasa a gaban aji, ranar da na karya wa wani yaro jitarsa. Yau nake so in ba 'yan uwana malamai da iyayen yara labarinta, haɗe da labarin wani makaɗin jita ɗan ƙasarmu wanda ya hana ni mantawa da ita.

Abin ya faru a 2012, shekara guda bayan an cire Dungas daga Magarya an mai da ita gunduma mai zaman kanta. A lokacin ina koyar da lissafi da kimiyya a wata ƙaramar kolej ta ƙauye, can kusa da iyaka, inda naira ta fi sefa yawo a kasuwa. Ajinmu na zana ne. Kowace shekara sai an gama girbi, kara ya samu, sannan iyaye su taru su kafa mana rumfa, kafin nan wata guda ko fiye ya riga ya wuce daga shekarar karatu. Duk malamin da ya yi aiki a irin wannan wuri ya san yadda zuciya take zama a wuya: manhaja tana da tsawo, lokaci gajere ne, yara sun yi yawa, ga sufeto yana iya faɗowa kowace rana.

Yaron yana da shekara goma sha uku. Bahago ne, a can baya yake zama, ba ya rigima, ba ya magana sai an tambaye shi. A lissafi bai taɓa wuce biyar bisa ashirin a hannuna ba. In an zo kan kashe-kashen lamba, rabi da sulusi da rubu'i, sai ya zuba mini ido kamar ina yi masa wani yare.

Wata rana bayan an dawo daga hutun tara, ina rubutu a allo, sai na ji wani ɗan sauti yana fitowa daga bayan aji, yara suna ƙunshe dariya. Na juya, aka yi tsit. Na ci gaba, sautin ya dawo. Da na taka zuwa baya sai na tarar da abin a ƙarƙashin rigarsa: gwangwanin man girki da aka huda, an zura masa wani ɗan katako, an ɗaura wayoyi uku na birkin keke, an ɗaure su a jikin ƙusoshi. Na ɗauko shi na kawo gaban aji, na ɗora a gwiwa na karya shi gida biyu. Na ce masa, "Ubanka ya kawo ka nan ne don ka zama maroƙi?" Aji ya fashe da dariya. Shi bai ce komai ba. Da aka tashi ya zo ya tattara gutsattsarin ya tafi da su, waya ɗaya ta rage a ƙasa. Ban san abin da ya sa na ɗauke ta na sa aljihu ba.

Washegari mahaifinsa ya zo har makaranta ya yi mini godiya. Ya ce, "Mushe, Allah ya saka da alheri. Mu gidanmu ba mu gaji kiɗa ba. Na yi duka har na gaji." Na ji daɗin maganar, na ɗauka na yi aikina. Yaron ya ƙarasa shekarar a can bayan aji, shiru kamar da. Da aka dawo daga babban hutu kujerarsa ba kowa. Na tambaya, aka ce ya bi yayyensa ci-rani. Yara nawa ne suke ɓace mana haka kowace shekara? Na soke sunansa a rajista na ci gaba da darasi.

Shekara tara bayan haka, a 2021, an riga an dawo da ni Magarya. Wata rana da dare ɗana, shi ma a lokacin yana da kusan shekarun wancan yaron, ya kawo mini wayar yayansa ya ce, "Baba, duba wannan ɗan Nijar ne, Turawa ke ta yi masa tafi." Na ga wani dogon Buzu da rawani, riƙe da jitar lantarki, yana kaɗa ta da hannun hagu, yatsunsa suna gudu kamar ba ƙashi a cikinsu. Na ce wane ne? Ya ce sunansa Mdou Moctar. Sai ya ƙara da cewa, "Wai da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, don iyayensa ba su son ya yi kiɗa." Na miƙa masa wayar na shiga ɗaki. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Daga ranar na shiga bin labarin mutumin, abin da ban taɓa yi wa wani makaɗi ba. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a jihar Tawa, ya tashi tsakanin Cintabaraden da Abalak da Arlit, a gida mai riƙon addini wanda ba ya kallon kiɗan jita da mutunci. Abin da ya ja hankalinsa shi ne ganin Abdallah Oumbadougou yana wasa. Shi Abdallah, wanda ya rasu a 2020, yana cikin waɗanda suka kafa kiɗan jitar Buzaye a Nijar, kuma a zamanin tawayen farko, kafin yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, kaset ɗinsa a ɓoye ake sauraro. Yaron da ya gan shi bai da kuɗin jita, bai da wanda zai saya masa, sai ya nemi katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa, ya koya wa kansa. Da ya girma ya bi hanyar da samarinmu da yawa suke bi, ya tafi Libiya neman kuɗi, ya dawo da jitar tana nan a ransa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa faifansa na farko a ƙasar Hausa aka haife shi. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi faifan da ya kira Anar, a irin ɗakunan naɗar waƙa da ke yi wa finafinan Hausa aiki. Ya ɗauki na'urar nan mai lanƙwasa murya, wadda duk mai jin waƙoƙin finafinan Kano ya san ta, da gangunan kwamfuta, ya ɗora musu jita da waƙa cikin harshen Tamashek. Ba wani kamfani da ya rarraba faifan. Daga waya zuwa waya ya yi tafiya, ta Bluetooth da katin waya, kamar dai yadda masu tura waƙa suke yi a tashar motarmu, har ya kai arewacin Mali. Can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji waƙarsa mai suna Tahoultine a wayoyin mutane, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin da ya fitar a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones. Ya sha wahala kafin ya gano mai waƙar, da ya same shi kuma ya kawo masa jitar bahagwai.

Daga nan hanya ta buɗe. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a Cintabaraden. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, da aka ɗauka a Agadas cikin harshen Tamashek, aka gina shi kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Labarin fim ɗin na saurayi ne mai son jita da uban da ba ya so, wato kusan labarinsa ne. A 2019 ya fitar da Ilana tare da cikakkiyar ƙungiyarsa: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Aboubacar Mazawadje a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bas. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime, wanda shi ne ya kai sunansa ko'ina, sannan Funeral for Justice a 2024. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, suna cikin rangadin wasa a Amurka, iyakoki suka rufe, suka kasa dawowa gida na wani lokaci. A wannan zaman jira ne suka sake naɗar waƙoƙin da jitar da ba ta lantarki ba, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Ni ba makaɗi ba ne, amma kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne ga abin da yake yi. Galibin Turawa masu jitar lantarki da ɗan tsinken roba suke kaɗa ta. Shi da yatsa yake kaɗawa, manuniya da babban yatsa, kamar mai molo ko mai gurmi. Yana barin wata tsirkiya mai kauri tana ta gunji a ƙasa ba ta canzawa, sauran yatsun kuma suna zagaya 'yan muryoyi biyar a sama, suna tafiya suna dawowa. Sau da yawa bugu ɗaya yake yi, sai yatsun da ke kan wuyan jitar su fitar da muryoyi uku ko huɗu ta hanyar dannawa da fizgewa, shi ya sa kiɗan yake zuba kamar ruwa daga bakin buta. Wannan salo ya samo asali daga tahardant, molon Buzaye, da kuma kiɗan takamba da tande, wanda tafiyarsa take kama da takun raƙumi. Waƙa takan fara a hankali, ganga tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, har a kai inda mai rawa ba ya iya zama. Wanda ya taɓa zuwa biki a Agadas, inda ake kunna janareto a kafa lasifika a fili, ya san daga ina wannan ƙara da wannan sauri suka fito.

Turawa da suka ji shi sai suka ce kiɗan rok ne, suka shiga kwatanta shi da Jimi Hendrix. Shi kuwa ya sha faɗa a hirarraki cewa bai tashi da sauraron irin wannan kiɗa ba, sai daga baya ya ga bidiyon Eddie Van Halen ya ɗauki wasu dabarun yatsa daga gare shi. Kwatancin ne ya sa na nemi labarin Hendrix, na kuwa samu abin da ya ƙara mini nauyi a zuciya. An haife shi a Siyatil a 1942, a gidan talauci. Yana firamare ya kasance yana yawo da tsintsiya yana yi kamar jita ce, har wata ma'aikaciyar makarantar ta lura ta nemi a saya masa ta gaske, aka ƙi. Abin kiɗansa na farko wata 'yar ƙaramar jita ce mai tsirkiya ɗaya da ya tsinta cikin tarkace. Sai da ya kai shekara goma sha biyar ya samu jitar dala biyar ta Amurka. Shi ma bahago ne, jitar na-dama yake juyawa ya sake mata tsirkiya. A 1969 shi ne ya rufe taron Woodstock, kuma har yau ana sa shi a sahun farko na masu jitar lantarki a duniya. Haka shi ma Ibrahim ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya fara. Mu ma a nan, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, da shi ya yi wa talakawa waƙa shekara da shekaru har ya rasu a 2015.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk yaron da ya huda gwangwani zai zama Mdou Moctar. Dubbai sun huda, ɗaya ne ya kai inda ya kai. Kada kuma a ɗauka tsoron iyaye na banza ne. Hendrix ɗin da nake ba da labari ya mutu a Landan ranar 18 ga Satumba 1970 yana da shekara 27, bayan ya sha ƙwayoyin barci fiye da kima. Mu da ke zaune a bakin iyaka mun ga abin da tramol ta yi wa samarinmu, mun kuma san irin wuraren da ake kwana ana kiɗa da abin da ke yawo a cikinsu. Ga maganar addini, wadda malamai suka yi bayani a kanta tun kafin a haife mu, kuma ni malamin lissafi ne, ba ni da hurumin yanke wa uba hukunci kan abin da zai bari a gidansa. Ga kuma al'adarmu da ta mai da kiɗa sana'ar gado, ta yadda ɗan manomi in ya ɗauki gurmi sai a ga kamar ya zubar da girman gidansu, har neman aure ya yi masa wuya. Mahaifin yaron nan da ya zo yi mini godiya yana son ɗansa ne. Abin da yake gudu ya gan shi da idonsa a kan 'ya'yan wasu.

Laifina daban ne da nasa, kuma sai a 2023 na gane girmansa. Na je kasuwar Maigatari wata Alhamis, na tsaya a wata rumfa don a duba mini rediyo. Mai rumfar ya ɗago kai ya dube ni, sai ya miƙe tsaye ya ce, "Mushe! Ba ka gane ni ba?" Ya yi gemu, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya ce ya yi shekaru yana yawo, ya yi dako, ya yi tura ruwa, daga baya ya zauna wurin wani mai gyara ya koyi aiki. Yanzu lasifikokin masallatai da na masu biki na ƙauyukan kewaye duk shi ake kawo wa. Ya sa aka kawo mini fura, ya ƙi karɓar kuɗin gyara.

Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na ce masa, "Ka tuna jitarka da na karya?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Mushe, ai ya wuce. Yarinta ce." Na ce ya yafe mini, ya ce ba komai, wallahi ba komai. Na tambaye shi ko yana kaɗawa har yanzu. Ya ce a'a, tun ranar bai sake haɗa wata ba. Ya faɗi haka ne ba tare da wani ɗaci a muryarsa ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Don in kawar da shirun sai na tambaye shi yadda ya san inda zai danna a jikin katakon, tunda ba wanda ya koya masa. Ya ce ai da zare ya auna. Ya gwada tsawon wayar da zare, ya ninka zaren biyu, ya sa alama a tsakiya da ƙusa mai zafi, don ya lura in ka danne waya a daidai tsakiyarta muryar da take bayarwa ita ce dai ta farko, sai dai ta fi siriri. Sannan ya ninka zaren uku, ya ninka shi huɗu, ya ga a nan ma muryoyin suna shiga da juna da daɗi, ya sa musu alama. Sauran kuma da kunne ya nemo su.

Na zauna a kan bencinsa na rasa abin cewa. Abin da ya bayyana mini shi ne dokar da ke cikin littattafan kimiyya, wadda ake danganta gano ta ga Fitagoras, mutumin nan da nake azabtar da yara da ƙa'idarsa ta alwatika kowace shekara. In ka rage tsawon tsirkiya zuwa rabi, saurin kaɗawarta yana ninkawa biyu, sai ta ba da murya iri ɗaya a sama. In ka bar sulusi biyu na tsawonta, ko rubu'i uku, sai ka samu muryoyin da suka fi kowane dacewa da ta farko. A kan wannan aka gina wuyan kowace jita, har da ta Hendrix da ta Mdou. Yaron da nake ba biyar bisa ashirin a kan rabi da sulusi da rubu'i ya riga ya gano su da zare da ƙusa, ya rubuta su a jikin katako, ya kawo su cikin ajina. Ni kuma na ɗora amsar a gwiwa na karya ba tare da na duba ta ba.

Hatta sana'ar da ya ƙare a kanta ba ta yi nisa da jitar ba. Jitar lantarki ba wani sihiri a cikinta: a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, in tsirkiya ta kaɗa sai ta haifar da ɗan lantarki a cikin naɗin, a tura shi na'urar ƙara sauti, lasifika ta mai da shi ƙara. Lasifikar ita ma maganaɗisu ce da naɗin waya, aikin ne kawai ya juya. Darasi ne da ke cikin manhajar da nake koyarwa da alli kawai, yara suna haddacewa suna mantawa. Shi yana yin sa da hannu kullum, ba shi da takardar shaidar komai. Da ya samu wanda ya riƙe shi a makaranta, wa ya san inda zai tsaya?

Abin kunyar shi ne muna da misali a cikin gidanmu, mu malaman jihar Damagaram. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tasker, malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurmi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna wurin Boukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, ya koya don kada ya ɓace, ya kuma kai shi ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Bai ga alli da tsirkiya a matsayin abokan gaba ba. Shi ma Mdou, in ka nemi fassarar waƙoƙinsa, za ka ga abin da ke cikinsu bai yi nisa da abin da muke faɗa wa yara a darasin tarihi da na zama ɗan ƙasa ba: zaluncin da aka yi wa Afirka, halin da mata suke ciki, yuraniyom ɗin Arlit da ya haskaka gidajen wasu alhali ƙauyukanmu suna cikin duhu, da kiran Buzaye su riƙe harshensu kada ya salwanta. Yana kuma sa kuɗinsa wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyukan yankinsu. Mutum yana iya ƙin kiɗan, amma da wuya ya ce wannan ɗan ya zama asara ga iyayensa.

Tun daga haɗuwar Maigatari na canza abu ɗaya a aikina. Duk shekara, ranar da zan fara darasin kashe-kashen lamba, nakan shigo aji da katako mai tsawon mita guda, da ƙusa biyu, da gwangwani, da wayar birki sabuwa. Yara su ɗaure, su auna, su danna a santimita 50, su saurara, su danna a 75, su saurara. Ajin yakan yi hayaniya, maƙwabcina na aji na gaba ya taɓa leƙowa ya tambaya ko biki ake yi. Amma na lura waɗanda suke fara tasowa su taɓa wayar galibi 'yan bayan aji ne, waɗanda ban saba jin muryarsu ba. Ba na koya wa kowa kiɗa, ban ma iya ba. Ina dai ba su dama su ji rabi da kunnensu kafin in rubuta shi a allo.

Ga 'yan uwana malamai, roƙona kaɗan ne. Horo yana nan, yaro ba zai yi kiɗa ana darasi a ƙyale shi ba. Ka karɓe abin, ka ajiye a ofis. Amma kafin ka yanke hukunci ka juya shi a hannunka, ka tambaye shi yadda ya haɗa. Motar kara ce, ko fitilar batir, ko jitar gwangwani, akwai tunanin da ya shiga cikinta, kuma wataƙila shi ne kawai ƙofar da za ka shiga kan yaron nan da ita. Sannan mu kiyayi bakinmu a gaban aji. Katakon da na karya ana iya samun wani a kowace bola. Kalmar maroƙi da na jefe shi da ita, yara saba'in suna dariya, ita ce ta sa bai sake haɗa wata ba.

Ga iyaye kuma, ba zan ce ku saya wa 'ya'yanku jita ba, kowa ya san gidansa. Amma in kun hana, ku hana da bayani, ku kuma duba abin da ke ƙarƙashin son. Yaron da ya iya zama awa uku yana gyara waya har ta ba da muryar da yake nema yana da haƙuri, yana da kunne, yana da hannu. In ba a so su tafi ga kiɗa, akwai gyaran lantarki, akwai kanikanci, akwai makarantun koyon sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma mai tanƙwarawa yakan duba inda iccen ya nufa, in ba haka ba sai ya karye a hannunsa.

Ɗana da ya nuna mini bidiyon nan ya taɓa tambayata ko zan bar shi ya koyi jita. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce ya fara kawo mini sakamakon jarrabawarsa, sannan mu zauna da mahaifiyarsa da kawunsa mu yi magana. Har yanzu muna kan maganar, ra'ayinmu bai zo ɗaya ba a gidan, ni kaina wata rana ina nan wata rana ina can. Abin da na sani shi ne duk yadda ta ƙare, zai ji dalilinmu daga bakinmu, mu ma za mu ji nasa.

Da zan bar rumfar a Maigatari, tsohon ɗalibina ya raka ni har bakin mota yana riƙe da rediyona. Ya ce babban ɗansa zai shiga makaranta baɗi, kuma shi ma bahago ne. Ya ce, "Mushe, in Allah ya kawo shi ajinka, ka riƙe mini shi da kyau." Na ce in sha Allahu.